Kafin a Wanke Baba

Sunan kakata aka sa mini, mahaifiyar Baba, wadda ta rasu Inna tana da cikina. Shi ya sa ban taɓa jin sunana a bakin Baba ba. Uwata yake ce mini. Yayansa, wanda muke kira Baffa, shi ma haka yake kirana ko da faɗa yake yi mini, sai faɗan ya fito a lanƙwashe, ni kuma ina yarinya in ɓoye fuska ina dariya.

Gidanmu yana wani ƙauye a gefen Roni, inda gonakin gero suke kwance a tsakanin duwatsu. A lokacin duk ƙasar nan a cikin jihar Kano take. Da damina Baba yana noma, da rani kuma yana gyaran keke a zaure, sana'ar da ya kama tun shekarar da aka ba mu mulkin kai. Ba mai yawan magana ba ne. Idan ya kifa keke ya juya taya, yakan karkata kai ya saurara, ni kuma ina tsugune kusa da shi riƙe da gwangwanin 'ya'yan boris, ina kallon yadda hasken ƙofa yake ratsa wayoyin tayar. Shi ya tsaya tsayin daka har aka bar ni na tafi makarantar horon malamai ta 'yan mata a Kano.

Ina can ya yi faɗuwarsa ta farko, bayan an gama yaƙin basasa da ɗan lokaci, don haka a bakin Inna na ji labarin. Shi da Inna da Baffa sun je bikin suna wajen danginmu a wani ƙauye kusa da Babura. An ci abinci, Baba ya miƙe zai wanke hannu, sai kawai ya sulale ƙasa. Bai yi fizge-fizge ba, bakinsa bai yi kumfa ba. Fuskarsa ce ta koma kamar toka. Baffa ya girgiza shi, ya yayyafa masa ruwa, ya kara hannu a hancinsa, ya dafa ƙirjinsa ta kan riga, bai ji komai ba. Sai ya shafe masa idanu, ya warware rawaninsa ya lulluɓe masa fuska, ya yi salati. Kuka ya tashi a cikin gida. Da yake wurin da nisa da gida kuma ana zafi, dattawa suka fara shawarar a yi masa sutura a nan. Wani ya ce a tura samari su fara tono kafin rana ta ɗaga.

Wannan maganar ce ta fara shiga kunnen Baba da hankalinsa ya dawo. Ya buɗe ido ya ga fari fat, hasken rana ta cikin ƙyalle. Yana jin muryar yayansa a kansa, yana so ya ce ga shi nan, amma harshen ya yi nauyi, hannu kuma ya ƙi tashi. Ya ɗan jima a haka kafin tari ya zo masa.

Labarin ya zama abin dariya a ƙauyuka. Baba yana da wani taubashi a Gwiwa, mai ƙaton tumbi da ƙatuwar murya, wanda bai taɓa wuce zaurenmu bai tsaya ba. Yakan jingine kekensa ya leƙo.

"Mutumin lahira, an tashi lafiya? Ka je ka tarar ba a hawa keke a can, ka ga ba ciniki, ka dawo."

"Wurinka na je dubawa," in ji Baba, bai ɗago daga facin da yake yi ba. "Na ce musu ramin ya yi kaɗan, su ƙara faɗi."

Kowa ya yi dariya, har da Baba. Amma da na zo hutu na ga abin da dariyar ba ta rufe ba. Ya daina jan mayafi zuwa kansa idan zai kwanta. Ya daina rufe ƙofar turakarsa da rana. Ya daina zuwa kasuwannin nesa shi kaɗai. Idan an yi rasuwa a gari yana bin makara, yana yin salla, amma in an zo bakin kabari sai ya ja baya ya tsaya can wajen itatuwa, har Baffa ya yi masa magana a kan hakan.

Faɗuwar kuma ta ci gaba da zuwa. Wani lokaci a gona, wani lokaci yana tsaka da alwala. Ba ta daɗewa irin ta farkon. Yakan farfaɗo fuskarsa ta yi ja, ya dubi mutane yana mamakin me ya tara su. Wasu suka ce farfaɗiya ce, wasu suka ce iska ce ta duwatsu ta shafe shi. An sha rubutu, an yi hayaƙi, wanzami ya yi masa ƙaho a ƙeya. Baba bai ƙi ko ɗaya ba.

A makaranta an koya mana kama jijiyar tsintsiyar hannu a darasin kiwon lafiya. Mukan kama na juna muna wasa, na kowa yana tafiya dil-dil-dil kamar ɗan tsako a tafin hannu. Wata rana da yamma Baba yana hutawa a kan buzu na roƙe shi ya ba ni hannunsa. Abin da na ji bai yi kama da na ƙawayena ba. Kamar ɗigon indararo ne bayan ruwa ya ɗauke: ɗigo ɗaya mai nauyi, sai shiru, har ka cire rai, sannan wani ya faɗo. A tsakanin wasu biyun shirun ya yi tsawon da na ɗaga kai na dubi fuskarsa. Yana kallona yana murmushi, ya tambaye ni me malama ta gano. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa.

Da na gama karatu aka ba ni koyarwa a wata firamare a Kazaure. Shekarun da kuɗin fetur suka fara shigowa ke nan, motoci sun ƙaru a hanya, zuwa Kano ya daina zama doguwar tafiya. Na lallaɓa Baba muka je asibitin sha-ka-tafi, malamin asibitin ya daɗe yana sauraren ƙirjinsa, sannan ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, mu wuce babban asibiti. A can aka kwantar da shi aka manna masa wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu. Likitan ba ya jin Hausa, ni na yi tafinta. Ya ce zuciya tana da ɗakunan sama da na ƙasa, kuma kowane bugu saƙo ne yake tashi daga sama ya bi wata siririyar hanya ya isa ƙasa. Ta Baba hanyar ta lalace. Ɗakunan ƙasa sun gaji da jira sun koma bugawa da kansu, a hankali, wani lokaci kuma sukan tsaya cik na ɗan lokaci, jini ya yanke wa ƙwaƙwalwa, shi ne faɗuwar.

Baba ya saurara da kansa a karkace. Ya ce in tambayi likita ko kamar sarƙar keke ce da haƙora suka cinye, ana taka feda amma taya ba ta samun labari. Likitan ya yi murmushi ya ce haka ne. Baba ya tambaya ko ana canja sarƙar. Likitan ya ce akwai wata 'yar na'ura mai batir da ake dasa wa mutum a ƙirji a ƙasashen waje, amma su a nan ba sa yi. Ya rubuta ƙwayoyi, ya ce kada ya hau bishiya, kada ya leƙa rijiya, kada ya yi nisa shi kaɗai. Na tambaye shi da Turanci ko wata rana za ta tsaya ta ƙi tashi. Ya ce ƙwarai, kuma babu mai iya cewa yaushe. Baba ya ga bakina ya motsa, ya ce in faɗa masa, na faɗa masa.

A tashar Kazaure muka zauna ƙarƙashin wata darbejiya muna jiran motar Roni ta cika. Rana tana dukan duwatsun garin har suna ƙyalli. Baba ya sayi rake ya fere mini, shi bai sha ba. Ya daɗe yana juya wuƙar a hannunsa.

"Uwata," ya ce, "mutuwa ba ta dame ni ba. Kowa da ranarsa. Saurin mutane ne yake ba ni tsoro."

Ranar ce ya ba ni labarin rawanin da bakinsa, yadda zaren ƙyallen yake a kusa da ido, da ƙamshin turaren Baffa a jikinsa. Ya ce da tarin bai zo ba, da sun ɗauke shi yana ji, kuma ba don ƙiyayya ba, don su kyautata masa. A wajenmu gaggauta sutura girmamawa ce. Mutum ya rasu da hantsi, kafin azahar an dawo daga maƙabarta, kuma gidan da ya bar gawa ta jima ana yi masa kallon marasa kirki.

"Idan na faɗi suka ce na tafi, kada ki bari a zuba mini ruwa sai kin saurara da kunnenki. Ki zauna da ni har jikina ya yi sanyi."

Na ce masa ni mace ce, ko aure ban yi ba, wa zai saurare ni a cikin maza ranar rasuwa? Me zai hana ya gaya wa Baffa? Ya ce ba zai iya ba. Baffa zai ɗauka imaninsa ne ya yi rauni, ko kuma ya ɗauka gori yake yi masa a kan abin da ya faru a wajen sunan. Inna kuwa ranar za a zaunar da ita a ɗaki ne, ba ta da bakin magana.

"Ke kuwa sunan uwarsa ne a kanki," ya ce. "Ba zai ture ki ba."

Na ce to. Yaron mota yana ta kiran Roni, muka tashi.

Daga ranar zaman Kazaure ya zame mini zaman ƙaya. Tsakanina da gida ba wata tafiya ba ce mai tsawo, amma ta fi tsawon lokacin da ake ɗauka a wanke mutum a kai shi. Ina tsaye gaban allo ina koya wa yara ƙari da ragi, ido ɗaya yana kan ƙofar makaranta. Duk mai keken da ya shigo da sauri sai allin ya tsaya a hannuna. Da can ina son zama ni kaɗai bayan an tashi, in kalli shirwa tana shawagi a kan dutse, in yi ta tsara 'yan baitocina a zuci. Duk wannan ya tafi. Na nemi a mayar da ni makarantar da ta fi kusa da gida, aka ce in jira. Kowace Juma'a bayan an tashi nakan kama hanya, in tarar da shi a zaure, kafin mu gama gaisawa ya miƙo mini hannu ba tare da na tambaya ba. Ƙwayoyin suna sa masa rawar hannu, amma ɗigon yana nan yadda yake. Har na saba da shirun, na san kowane shiru nasa yana da ƙarshe.

Allah ya sa abin ya zo ina gida. Hutu ne na tsakiyar bazara, zafin da ko tsuntsu ba ya son tashi. Da safe na tafi barkar haihuwa gidan wata ƙawata a ɗaya gefen gari, na bar shi yana ɗaure wa wani keke birki. Na zauna fiye da yadda na yi niyya, saboda jaririn ya yi barci a cinyata. A hanyar dawowa na jiyo kukan tun daga wajen rijiya, kuma na gane muryar goggona.

Ƙofar gida ta cika da maza. Na ja mayafina na ratsa su, abin da ban taɓa yi ba. Keken yana kife a zaure. An riga an ɗauke Baba zuwa turakarsa, an ɗora ruwa a murhu da ganyen magarya, an aika a yanko likkafani, masu tono sun tafi. Baffa yana tsaye a ƙofar turakar tare da limamin gari da taubashin nan na Gwiwa, wanda ranar babu murya a bakinsa.

"Uwata, shiga wajen mata," in ji Baffa.

Na durƙusa a gabansa. Na gaya masa abin da Baba ya ce a tasha, ban rage komai ba, har da dalilin da ya sa bai gaya masa ba. Ina magana ina kallon ƙafafunsa. Wani daga baya ya ce wannan wace irin bidi'a ce, 'yan boko za su koya wa mutane sanin gawa. Baffa bai juya ba.

"Wannan karon na jira," ya ce a hankali. "Allah ya sani na jira. Na kira shi, na zuba ruwa, na jira."

Na ce na sani, amma alkawari na ɗauka. Liman ya gyara murya ya ce ko a wajen malamai, wanda ya faɗi farat ɗaya ba a gaggauta shi sai an tabbatar, don haka babu laifi a abin da yarinyar ta roƙa. Sai Baffa ya matsa gefe ya ba ni hanya, ya jawo buzun Baba ya shimfiɗa a bakin ƙofar, ya zauna ya ba ɗakin baya. Ya ce babu mai shiga sai uwarsu ta fito.

Bara waccan aka yi wa turakar rufin kwano, ɗakin kamar tanda. Baba yana kan tabarma an miƙar da shi, an rufe shi da farin zane har kai. Abin da na fara yi shi ne yaye zanen daga fuskarsa. Akwai baƙin giris a yatsunsa. Na buɗe wuyan rigarsa na kwantar da kunnena a ƙirjinsa, kuma nan take na ji bugu, mai ƙarfi, a jere. Saura kaɗan in yi ihu. Sai na lura bugun gudu yake yi, zuciyar Baba kuwa ba ta taɓa gudu ba tun da na san ta. Jinina ne nake ji a cikin kunnena. Na kama tsintsiyar hannunsa, nan ma abin da yake motsi a kan yatsuna nawa ne.

Na zauna na jira numfashina ya lafa, na sake gwadawa. Shiru. Amma ni shirunsa na sani, na sha zama a cikinsa har ɗigon ya faɗo. Babu wanda ya taɓa gaya mini tsawon shirun da ba a dawowa daga gare shi. Likitan bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Inna ta aiko goggona da 'yar auduga, Baffa ya karɓa ya miƙo mini ta bayansa. Na kara a hancin Baba, audugar tana rawa, na ajiye ta a kan leɓensa na janye hannuna, ta tsaya. Can kuma ta ɗan motsa, ban san ko iskar ƙofa ce ba.

Jikinsa kuwa da ɗumi. Goshinsa da ɗumi, ƙirjinsa da ɗumi, kamar mai zazzaɓi. Tabarmar ma da ɗumi, bangon ma haka. Ya ce in jira sanyi, bai yi tunanin bazara ba, ni ma ban yi ba.

Ina jin komai daga waje. Ruwan wankan ya tafasa ya huce, aka sake hura wuta. Masu tono sun dawo suna kakkaɓe ƙafa, aka ce musu su zauna. An kawo makara an jingine ta a bango, na ji ƙarar karan jikinta. Kukan mata ya tsaya, don ba su san ko su ci gaba ba. Wani dattijo ya zo ya ce wa Baffa ana wahalar da mamaci a wannan zafin, kuma mutanen nesa suna so su koma. Baffa ya ce masa wanda yake sauri ya tafi, Allah ya ba da lada. Da na shigo, tsorona kada su hana ni. Yanzu sun bar ni, gari guda yana zaune a rana yana jiran kalma ɗaya daga bakina, kuma in na faɗe ta ba mai sake dubawa.

Na yi masa magana. Na gaya masa ni ce, ina nan, ba wanda zai taɓa shi. Na ce in yana ji ya yi tari, ko ya motsa yatsa, ba sai da yawa ba. Na riƙa yi masa fifita da murfin kwano ina korar ƙuda. Aka kira azahar, maza suka yi sahu a ƙofar gida, Baffa ya yi tasa a kan buzun bai bar wurin ba.

Bayan sallar da ɗan jimawa na sake ɗaukar hannunsa, na so in naɗe yatsunsa a kan nawa kamar yadda nake ta yi tun da na shigo. Suka ƙi. Na taɓa haɓarsa, ta yi tauri, wuyansa ma ya daina bin hannuna. An koya mana wannan a makaranta, kuma kowace tsohuwa a garinmu ta san shi ba tare da makaranta ba. Na san abin da nake gani. Duk da haka na sake sa tafin hannuna a ƙirjinsa, ɗumin yana nan. Na zauna da abubuwan nan biyu, taurin da na sani da ɗumin da ya ce kada in bar shi a cikinsa, har inuwar ƙofa ta matsa zuwa ƙafafunsa. Idan na jira sanyi sai dare, ko gobe, kuma zafin nan ba zai raga wa jikinsa ba. Wannan ma ba zai so ba.

Ban iya mayar da zanen kan fuskarsa ba. Na bar shi a wuyansa na tashi, ƙafafuna sun mutu, na dafa bango na isa ƙofa. Baffa ya ɗago kai.

"Uwata?"

"Baba ya rasu, Baffa."

Ya yi salati kamar yanzu ya fara ji. Sannan ya sa fuskarsa a cikin hannun riga, kafaɗunsa suna girgiza, taubashin ya zo ya ɗaga shi. Kukan cikin gida ya dawo gaba ɗaya. Na wuce ɗakin Inna na zauna a bayanta, ina jin ana zuba ruwa.

Bayan la'asar suka kai shi. A kwanakin zaman makoki mata sun yi ta magana, wasu suna sa mini albarka, wasu suna yin shiru in na shigo. Da na koma Kazaure na tambayi wata ma'aikaciyar jinya da muke haya gida ɗaya, 'yar kudu, ta ce wanda jikinsa ya sandare ba ya dawowa, in kwantar da hankalina. Na yarda da ita. Amma kafin nan, ranar sadakar uku, na tare Baffa a zaure bayan mutane sun ragu, domin shi ya shiga kabarin ya karɓe shi. Na durƙusa na tambaye shi, lokacin da ya kwantar da shi, ya yi sanyi?

Ya daɗe yana kallona.

"Ya yi sanyi, Uwata," ya ce.

An wanke shi da ruwa kafin nan, kuma ramin da aka tona tun hantsi yana ƙarƙashin inuwa. Baffa kuma mutum ne da zai iya faɗar haka don ya sauƙaƙa mini. Na so in ƙara tambaya, sai na ga ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Na ce masa na gode, na tashi na shiga gida.